Hayaluronik asid a hunturun Kano: yadda fuskar wata malama ta bushe, da yadda ta dawo

Kafin a sayi komai

Matar da wannan nazari ya shafa malamar sakandare ce a cikin birnin Kano. Shekarunta 34, 'ya'yanta uku. Ta amince a rubuta lamarinta bisa sharaɗin kada a ambaci sunanta ko na makarantarta. Ni sana'ata harhaɗa magunguna ce, unguwarmu ɗaya, kuma tun daga farkon Janairu take sanar da ni halin da ake ciki. Abin da ya gabaci haka daga bakinta na ji, sai kuma hotunan da ke wayarta, waɗanda kowanne ke ɗauke da ranar da aka ɗauke shi.

Wankan tarwaɗa ce, kuma ba ta taɓa shafa man bilicin ba. Goshinta da hancinta sukan ɗan yi maiƙo da rana, kumatunta kuwa tun tana budurwa sukan yi furu-furu da zarar ɗari ya shigo. Ba ta da ciwon suga, ba ta da asma, ba ta shan wani magani na kullum. Shekara da shekaru tsarinta ɗaya ne: wanka da sabulun salo da soso safe da yamma, ta shafa man kanti a jiki, abin da ya rage a tafin hannu ta murza a fuska. Idan hunturu ya kankama sai ta koma basilin.

Tana fita ƙarfe 7 na safe a adaidaita sahu, tafiyar kusan minti 25, iska na dukan fuskarta ta kowane ɓangare. A aji alli take amfani da shi. Idan aka haɗa alwala biyar da wanka biyu, ruwa yana taɓa fuskarta aƙalla sau bakwai a yini.

Tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Oktoba: kwalba ta farko

A dogon hutu wata abokiyar aikinta ta turo mata bidiyon wani ruwan shafa fuska, irin wanda 'yan mata ke kira siram. Ta yi oda ta WhatsApp aka kawo mata. Kwalba ce mai ɗaukar mililita 30, da ɗan bututun ɗiga a murfinta, an rubuta a jiki cewa hayaluronik asid ne kashi 2 cikin 100. A jerin abin da aka haɗa kuwa sunan da ke rubuce shi ne Sodium Hyaluronate, wato gishirinsa, wanda shi ne aka fi zubawa a kayan shafa. Daga baya da na duba irin kwalbar na ga lambar rajistar NAFDAC, wa'adinta kuma bai ƙare ba.

Mai sayarwar ta faɗa mata abu biyu. Na farko, wai sinadarin yana riƙe ruwan da ya ninka nauyinsa sau dubu. Na biyu, wai wadda ke da shi ba ta buƙatar wani mai a fuska, musamman basilin, wanda a cewarta toshe ƙofofin fata yake yi. Malama ta ɗauki shawarar, ta daina sa wa fuskarta kowane irin mai.

Shi hayaluronik asid ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam. A 1934 Karl Meyer da John Palmer, masu bincike a Jami'ar Columbia da ke New York, suka fara tace shi daga ruwan cikin idon saniya. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kusan giram 15 nasa, kusan rabi a cikin fata, saura a ruwan gaɓoɓi da ido da sauran sassa, kuma jiki yana rushe kusan kashi ɗaya cikin uku ya sake ƙera shi kowace rana. Likitoci suna amfani da shi a aikin ido, da allurar gwiwa, da maganin ɗigawa na bushewar ido. A da daga zankon zakara ake ciro shi. Yanzu mafi yawan na kayan shafa daga wasu ƙwayoyin bakteriya ake samunsa, waɗanda ake ciyarwa da sukari a manyan tankuna. Wannan ita ce amsar da na ba ta lokacin da surukarta ta tambaya ko akwai kitsen alade a ciki.

Yadda take shafawa kuwa: ta wanke fuska da sabulun salo, ta goge ta ƙarau da tawul, ta ɗiga ɗigo uku a hannu ta murza, idan da safe ne ta bi da hoda. Sau biyu a rana.

Sakamakon ya faranta mata rai. A hotunan Satumba fuskar tana da sheƙi ba tare da maiƙo ba, hoda ta kwanta luf, 'yan layukan gefen ido sun ragu. Ƙawaye biyu suka sayi irinsa saboda ita. A waɗannan makonni laimar iskar Kano takan kai kashi 80 cikin 100 da safe. Zuwa ƙarshen Oktoba ruwan sama ya ɗauke, ta fara jin fuskar tana ɗan ɗaurewa bayan la'asar, amma ba ta ɗauke shi a bakin komai ba.

Nuwamba: iska ta juya

A Nuwamba iskar arewa maso gabas ta fara kaɗowa daga Sahara, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Hazo ya fara rufe gari da safe. Daga wannan lokaci zuwa Maris, laimar iska a Kano da rana takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100.

A mako na biyu na watan ta lura cewa minti goma bayan ta shafa siram fuskarta takan ɗame kamar an ja ta. A mako na uku gefen hancinta da saman kumatu suka fara saɓa, hoda kuma ta koma tana taruwa a wuraren tana fito da su fili. Ta koma wanka da ruwa mai zafi sosai saboda sanyi, da daddare kuma ana shigo da kaskon garwashi ɗaki na ɗan lokaci kafin a kwanta. Kwalbar farko ta ƙare a makon ƙarshe na Nuwamba, bayan kwana ɗari ko kusan haka. Ta sayi ta biyu.

Disamba: dabaru uku

Ta koma wa mai sayarwar da ƙorafi. Amsar da ta samu ita ce fatarta ƙishi take ji, ta ƙara yawa. Daga farkon Disamba ta koma ɗigo shida, sau huɗu a rana, har da lokacin tara a makaranta, kullum a kan busasshiyar fuska. Idan ta shafa takan ji sanyi-sanyi na ɗan lokaci, sannan abin ya bushe ya bar wani siririn ɓawo da ke murjewa idan ta taɓa. Ɗaurewar ta ƙaru. Ta fara jin raɗaɗi idan ruwan alwala ya taɓa kumatunta.

Dabara ta biyu biki ne ya kawo ta. Za a aurar da ƙanwarta a tsakiyar watan, sai ta bi amarya wurin mai gyaran jiki. Da matar ta ga saɓar sai ta ce matacciyar fata ce, sai an kankare ta. Aka yi mata dilka har a fuska, aka bi da kurkum da ruwan lemun tsami, kwana biyu a jere. A ranar fuskar ta yi sumul. Washegarin ɗaurin aure kumatun biyu suka yi ja, suka ɗan kumbura, gefen baki ya tsattsage. Ko siram ɗin da kansa ya koma yana yi mata zogi.

Dabara ta uku ita ce ta fi daɗewa tana bibiyarta. Ranar 20 ga Disamba wata 'yar uwa ta kawo mata wani ɗan man matsawa daga rumfar kasuwa, irin mai haɗin magani uku: betametason, wanda sitiroyid ne mai ƙarfi, wato irin maganin da ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, da maganin cututtukan fata irin su makero, da maganin ƙwayoyin cuta. Ba likita ne ya rubuta ba. Ta shafa safe da dare. Cikin kwana uku jan ya kwanta, ƙaiƙayin ya tafi, ta ce ta samu magani. Ta ci gaba har ya ƙare ranar 1 ga Janairu. Kwana huɗu bayan haka jan ya dawo fiye da na da, tare da wasu ƙananan ƙuraje da suka kewaye bakinta da gefen hanci, abin da ba ta taɓa yi ba. A wannan tsakanin kwalbar siram ta biyu ta ƙare cikin wata guda, ta sayi ta uku.

A nan ne ta zo wurina, ta rufe rabin fuska da gyale, tana neman in sayar mata da wani irin man. Na duba abin da ke rubuce a jikin tsohon, na ce mata: “Malama, wannan ba zan ba ki ba. Likitan fata za ki gani, kuma cikin makon nan.”

8 ga Janairu: asibiti

Likitar da ta gan ta ta fi ɓata lokaci a kan tambayoyi fiye da dubawa: da me take wanka, yaya zafin ruwan, sau nawa take wanke fuska, me da me ta shafa tun Agusta. Ta duba gwiwar hannu da bayan gwiwa da fatar kai. Ta tabbatar ba makero ba ne, ba ƙyasbi ba ne. An gwada sukarin jininta, ya fito daidai. Abin da aka rubuta shi ne bushewar fata mai tsanani, da kumburin da gurza da lemun tsami suka jawo, sai ƙurajen kewayen baki da suka biyo bayan sitiroyid.

Ba a ba ta ƙwaya ko ɗaya ba. An ba ta umarni na mako biyu. Ta ajiye siram, da hoda, da duk wani abin gurza. Kada ta sake kusantar man sitiroyid ɗin. Sabulu da soso kada su taɓa fuskarta. Ruwa mai ɗumi kaɗan ya isa, sai da daddare sau ɗaya ta yi amfani da ruwan wanke fuska marar kumfa, marar turare. Wanka kada ya wuce minti goma. Bayan ta wanke kada ta goge, ta dai daddanna da tawul ta bar danshi, sannan kafin minti uku ta shafa kirim mai kauri marar turare wanda ke da gilisarin, wani sinadari mai jan ruwa ya riƙe a fata. Da daddare ta bi kumatu da basilin kaɗan, amma ta bar kewayen baki inda ƙurajen suke, domin mai mai nauyi yana iya ƙara musu ƙarfi. Likitar ta gargaɗe ta cewa abin zai fara ƙaruwa kafin ya ragu, kuma idan ƙurajen ba su kwanta ba cikin mako huɗu ta dawo a rubuta mata magani.

Ni da ita muka ƙara wani ɗan tsari na lura. Kowace Juma'a da safe ta ɗauki hoto a bakin taga ɗaya, ba hoda. Ta kuma riƙa rubuta abu uku a bayan littafin darasinta: ko ruwan alwala ya yi mata zafi, ko akwai saɓa, da kuma lokacin da ta fara jin ɗaurewa bayan shafawar safe.

9 ga Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu

Mako na farko shi ne mafi wuya. Muku-mukun sanyi ne, makaranta ta koma, ga fuska ja ba hoda. A rana ta huɗu ta kira ni da daddare. “Anti, wallahi gara in koma wa man nan. Kunyar shiga aji nake ji, yara sai kallona suke.” Na ce: “Malama, likita ta faɗa miki haka za a yi. Ki daure zuwa Juma'a mu ga hoto.” Ta daure. A rubutunta na makon: zafi a kowace alwala, saɓa a kumatu biyu da hanci, ɗaurewa kafin ta isa makaranta.

Matsalar da ta fito fili a makon ita ce alwalar azahar da la'asar. Kirim ɗin safe yakan wanke, ta fito fuska jiƙe iska ta busar da ita nan take. Sai ta zuba kirim a 'yar ƙaramar roba ta sa a jaka. Bayan kowace alwala, kafin fuskar ta bushe, ta ɗan laƙato kamar girman ƙwayar wake ta shafa. Ta tambayi malamar Islamiyyarsu ko man zai hana alwala ta gaba, aka ce mata abin da ake gudu shi ne mai kauri da ke zama ɓawo ya tare ruwa, kamar fenti ko kaki. Man da fata ta shanye ba ya hanawa. Basilin ɗin ta bar shi sai bayan isha'i. A cikin adaidaita sahu kuma ta riƙa rufe hanci da kumatu da takunkumi. Kaskon garwashi aka daina shigo da shi ɗaki, abin da na daɗe ina roƙon mutane, domin bayan busar da iska, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutane a ɗakin da aka rufe.

A mako na biyu ruwan alwala ya daina yi mata zafi, sai a gefen baki. Jan ya ragu sosai. Ɗaurewa ta koma wajen ƙarfe 11.

A mako na uku ƙurajen suka fara kwanciya, suna barin ɗigo-ɗigon baƙi. Tsagewar gefen baki ta haɗe. Ranar 24 ga Janairu, da izinin likita, ta dawo da siram, amma da sabon salo: fuska na jiƙe, ɗigo biyu kacal, ta daddanna ba murzawa, sannan kafin ya bushe ta ɗora kirim a kai. Da safe ta ƙara ɗan man kaɗe a kumatu, wanda take narkarwa a tafin hannu, da dare basilin. Bai yi mata zogi ba, bai kuma bar ɓawon nan mai murjewa ba.

A mako na huɗu saɓar ta rage a gefen hanci kawai. A hoton Juma'a ta biyar babu saɓa ko kaɗan, ƙurajen sun tafi ba tare da an sha magani ba, kuma a rubutunta ta daina cike gurbin ɗaurewa domin ba ta jin ta. Ta dawo da hoda a tsakiyar Fabrairu. Iska ba ta canza ba a duk wannan lokaci. Wayarta tana nuna laima tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 da rana.

Tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Maris: gwaji biyu

Tambayar da ta dame ta ita ce ko siram ɗin yana yin wani aiki, tunda kuɗin kwalba ɗaya ya ninka na basilin da man kaɗe a haɗe sau da yawa. Muka shirya gwaji mai sauƙi. Tsawon mako biyu, kuncin dama ya samu siram da kirim da mai, na hagu ya samu kirim da mai kawai. Sauran komai iri ɗaya.

Da safe, a awa biyu ko uku na farko, kuncin dama ya fi santsi, hoda ta fi kwanciya a kansa, 'yan layukan ƙasan ido sun fi ɓoyuwa. Ƙanwar mijinta, wadda ba ta san wane ɓangare ne ba, ta nuna dama a yawancin safiyoyin da aka tambaye ta. Bayan azahar kuwa ba wanda ya iya bambancewa. Kuncin hagu bai saɓa ba, bai ɗaure ba.

Gwaji na biyu ba shirya shi aka yi ba. A farkon Maris aka yi musu rasuwa a Haɗeja, ta tafi ta'aziyya cikin gaggawa, ta ɗauki kwalbar siram ta manta da kirim da mai. Kwana uku ta yi. Ta riƙa shafa shi a jiƙaƙƙiyar fuska kamar yadda ta saba. A rana ta biyu ɗaurewa ta dawo kafin hantsi, a ta uku gefen hanci ya fara fari. Wata gwaggonta ta miƙo mata man kaɗe a ɗan gwangwani ta ce, “Ungo 'yar nan, shafa, fuskarki ta yi furu-furu.” Da ta dawo gida ta koma tsarinta, cikin kwana huɗu komai ya daidaita.

Afrilu: inda aka tsaya

Da zafin bazara ya shigo, basilin na dare ya fara jawo mata ƙurajen zafi a goshi, sai ta ajiye shi, ta bar man kaɗe sai ranar da ta ji buƙata. Siram sau ɗaya take shafawa, da safe, ɗigo biyu. Kwalba ta uku da ta buɗe a ƙarshen Disamba har lokacin ba ta ƙare ba. Sabulun salo ya koma na jiki kawai.

Abin da ya rage shi ne tabo. Kumatu biyu, inda aka gurza, sun fi sauran fuskar duhu, ga kuma ɗigo-ɗigon kewayen baki. Baƙar fata takan mayar da martani ga kumburi da ƙarin launi, kuma irin wannan tabo yakan ɗauki watanni kafin ya dushe. Likita ta sa ta fara shafa man kariyar rana da safe. An kawo mata tallar man goge tabo har sau biyu a makaranta, ta ƙi.

Me ya sa abin ya kasance haka

Ban ga laifin kwalbar ba. Siram ɗin na gaskiya ne, kuma shi ɗin da ya yi aiki a Satumba shi ne ya kasa a Disamba. Abin da ya canza iska ce, da kuma abin da aka cire daga fuskar.

Saman fata wani siririn rufi ne na matattun ƙwayoyi da maiƙo a tsakaninsu, wanda ke tare ruwan jiki kada ya gudu. Idan ruwan da ke cikin rufin ya sauka ƙasa da kusan kashi 10 cikin 100, sai ya yi gautsi ya fara tsagewa. Hayaluronik asid yana cikin sinadaran da ke jan ruwa su riƙe, kamar gilisarin da yuriya. Ba shi da ruwa na kansa in ban da wanda aka narkar da shi a ciki, kuma ba ya tare hanyar fita. Ƙwayarsa ma babba ce ƙwarai. A ma'aunin dalton da masana ke auna ƙwayoyin sinadari da shi, ruwa 18 ne, gilisarin 92, kuma abin da ya haura 500 da ƙyar yake ratsa lafiyayyar fata. Hayaluronik asid na asali yakan wuce miliyan ɗaya, wanda aka daddatsa ma dubbai ne. Saboda haka mafi yawansa a sama yake zama. Kumatun da ake gani sun ciko a bidiyoyin talla sau da yawa aikin allura ne da ake yi a ƙarƙashin fata, da wani nau'insa da aka sarrafa daban. Shafawa ba ta kai can.

Duk macen da ta taɓa shanya wanki ta san sauran bayanin. Zanen da aka shanya a Agusta yakan kwana da danshi, wanda aka shanya a Janairu kafin a gama ɗauraye na biyu ya bushe ƙarau. Zanen ɗaya ne. A damina siririn shimfiɗin siram yana zama da laima domin iskar ba ta ƙwace masa. A hunturu iska tana shanye ruwan cikin mintuna, shimfiɗin ya bushe ya tsuke, shi ne ɗaurewar da ta riƙa ji. Ƙara ɗigo daga uku zuwa shida ƙara kaurin ɓawon kawai ya yi. Maganar sau dubu kuwa, ko an ƙaddara gaskiya ce, ba ta amfanar fuskar da aka goge ƙarau a garin da iska ba ta da ruwan bayarwa.

Shawarar da ta fi cutar da ita, a ganina, ita ce ta ajiye mai. Basilin yana cikin abubuwan da suka fi komai tare ruwa a fata. Littattafan likitancin fata suna ba shi kusan kashi 98 cikin 100 wajen rage ruwan da ke fita, kuma tataccensa ba ya cikin abubuwan da aka sani da toshe ƙofofin fata. Shekarun da ta yi tana komawa gare shi da hunturu, shi ke kare ta ba ta sani ba. Amma shi ma ba ya wadatarwa shi kaɗai a busasshiyar fata. A 1952 wani mai bincike a Boston, Irvin Blank, ya nuna cewa busasshen kaushin da aka jiƙa a mai yana nan da taurinsa, amma da ya sha ruwa sai ya yi laushi. Wannan ne dalilin da ya sa jerin ya zama ruwa tukuna, sai mai riƙe ruwa, sai mai rufewa, kuma cikin mintunan farko.

Sabulu yana da nasa kason. Saman fata yana da ɗan tsami na halitta, wajen 5 a ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke hawa idan tsami ya ragu, sabulun gargajiya da na kanti kuwa sukan kai 9 ko 10, suna wanke maiƙon da ke tsakanin ƙwayoyin. Da damina fatarta tana iya jurewa. Da aka haɗa da ruwan zafi da iskar safe da alwala ba tare da mai ba, ta kasa. Dilka da lemun tsami sun zo ne suka kankare abin da ya rage. Ba na ƙin dilka, tana da wurinta a lafiyayyar fata. Amma saɓar hunturu alama ce ta rufin da ya raunana, kuma ina jin takaicin yadda ake yawan ɗaukarta dattin da za a gurje, musamman a watan da bukukuwa suka fi yawa.

Man sitiroyid ɗin shi ne abin da ya fi tayar min da hankali. Kwana 12 kawai ta yi, ta samu ƙurajen da suka ɗauki mako huɗu da tabon da ya kai Afrilu. Ina ganin matan da suka yi shekara suna shafa irinsa, fatarsu ta yi siriri har jijiyoyi suna bayyana, kuma duk lokacin da suka tsaya abin ya dawo, su ɗauka cutar ce ta dawo. Magani ne mai amfani a hannun likita, ga cutar da ta dace da shi, na 'yan kwanaki ƙididdigaggu, kuma irin mai ƙarfin nan ba a cika rubuta shi don fuska ba.

Game da siram ɗin kansa, gwajin kunci biyu na mace ɗaya ne a mako biyu, don haka ita kaɗai yake wa hukunci. A wurinta ya ƙara santsi na 'yan awoyi da safe, wanda take so kuma take iya biya. Warkewar kuwa ta fara ne a mako biyun da ba ta shafa shi ba, ta kuma tsaya daram a kuncin da bai samu ba. Abokiyar aikinta ɗaya da ta kasa sayen kwalba ta biyu ta tambaye ni ko ta ci bashi, na ce mata kirim mai gilisarin a jiƙaƙƙiyar fuska da ɗan man kaɗe a kai za su fitar da ita hunturu. Wanda bushewar fatarsa ta ƙi jin wannan tsari bayan mako huɗu, ko ta zo da ƙaiƙayin dukan jiki, yawan ƙishirwa, kasala, ko fason da ke zubar da jini ga mai ciwon suga, asibiti ya kamata ya nufa a gwada jininsa.